Bayan Ƙyallen Silimar Cindo

Dakoro, ranar Litinin

Zuwa ga Kyauta, sanyin idona, ruwan randa bayan doguwar tafiya, gawon da ke fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe! Ke ce hasken da ya rage wa idanun nan nawa masu hazo. Ni ne Sha'ibu, tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, nake gaishe ki da zuciyar da ba ta taɓa rawa a kanki ba.

Goron neman aurenki da na aika ya dawo mini jiya. Ɗanki Harisu ne ya kawo shi da kansa, ko ƙullin bai kwance ba. Ya durƙusa da ladabi, ya ce, "Baba Mushe, ku rufa mana asiri, ku kama tasbaha. Ranar Juma'a zan ɗauke Inna mu koma Maraɗi." Na sa mishi albarka, don yaro ne mai kirki. Amma kirki dabam, gaskiya dabam. Shi ya sa na ɗauko alƙalamin bik da takarda, tunda kin yi karatun yaƙi da jahilci, ba sai wani ya tsaya tsakanin bakina da kunnenki ba.

Kin tuna silimar Cindo? Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, Cindo falken hatsi ya dawo daga Najeriya da inji da na'urar majigi, ya kewaye filin ajiyarsa da zana, ya ɗaura farin ƙyalle tsakanin itatuwan bedi biyu. Da an idar da magariba sai injin ya fara tari, unguwa duka ta tashi. Manya a gaba bisa kujeru, mu 'yan lakwal a jere a ƙasa, mushenmu tsaye a kanmu da tsumagiya. Ku kuwa masu talla aka tura ku bayan ƙyallen, can kusa da hayaƙin injin, wai kada ku cika wa mutane kunne.

Wayyo ƙamshin bayan ƙyallen nan! Ƙosai na tsalle cikin man gujiya, dakuwa mai yaji, ƙuli-ƙuli, goriba, alewar ɗinya mai manne wa yatsu. Kowa da kiransa, amma naki ya fi na kowa zaƙi: "A sayi fara, ta sha gishiri, ta sha lemo!" Ke ce mai farar da ba a taɓa samun ƙasa a cikinta ba, kin cire mata fiffike ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsefe wa amarya kai. Ina da shekara goma sha biyu. Na saɓe daga layi, na rarrafa ta ƙarƙashin zana, na zo na zauna kusa da farantinki. Washegari na sha bulala shida. Na koma, na sha takwas. Na sake komawa! Wace tsumagiya ce za ta raba kudan zuma da furen gawo?

Daga bayan ƙyalle ana ganin komai, sai dai a juye, ke kuwa ba ki sani ba. Kika daɗe kina kallon mutanen cikin majigin, rannan kika taɓe baki kika ce, "Kai ɗan boko, waɗannan mutanen naku ba su da uwaye ne? Da hagu suke ci, da hagu suke gaisawa!" Na rantse miki da dama suke ci, kika ce makaranta ce ta koya mini ƙarya. Sai da na ja ki muka leƙa ta gaba kika ga hannun ya koma daidai. Kika yi dariya har fara ta zube, kika tsince ta kina huci kina cewa ni na ja miki. Kyauta, na koyar da yara shekara talatin da biyar, daga Kornaka zuwa Korahane, ban taɓa jin dariyar da ta kama ƙafar wannan ba.

To, Harisu da masu zaman majalisar bakin kasuwa, a bayan ƙyalle suke zaune. Suna ganin mu sarai, amma a juye. Sun ga tsoho yana neman mai dama mishi kunu, sun ga tsohuwa za ta zubar wa jikokinta mutunci. Da sun zagayo ta gaba, da sun ga abin da ke nan tun kafin a haifi iyayen wasunsu.

Ba zan ɓoye laifina ba. Da na gama karatu aka ba ni aji, mutane suka ce mushe mai wando da agogo ba ya auren mai tallar fara. Na saurare su. Na yi shiru, shirun da ya fi kowace ƙarya muni, har marigayi Mijinyawa ya zo ya faɗi abin da na kasa faɗi. Allah ya jiƙansa, ya riƙe ki da mutunci, ni ma Allah ya ba ni tawa, na riƙe ta da amana har ta riga ni. Ban taɓa ɗaga ido na dube ki ba kina gidan wani. Amma sau ɗaya na bar bakin mutane ya yanke mini hukunci, na biya da shekara hamsin. Yanzu kuma su dawo da wani sabon zance, wai na tsufa? A da na yi girman kai, yau na yi girman shekaru! To yaushe ne lokacin nawa? Sai an sa ni a likkafani?

Na tsufa, ban musa ba. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon kyaure. Haƙoran da suka rage mini ba za su iya da ƙafar fara ko ɗaya ba. Ɗiyana suna Yamai, muryarsu kawai nake ji. Ina cin tuwo ni kaɗai, ina yi wa akuya hira. Amma wa ya ce busasshen kara ba ya kama wuta? Shi ya fi saurin kamawa! Ba mai jinya nake nema ba, ya ke damina ta ƙarshen rayuwata. Wadda za ta ƙaryata ni ta yi mini dariya nake nema, mu zauna a tabarma ɗaya da hantsi, ki ce wani abu in ce ba haka ba ne.

A Maraɗi za su ba ki ɗaki mai siminti da fanka, su kulle ƙofa don ƙauna, ki wuni kina kallon bango. Ke da duk macen da ta haihu a unguwar nan sai ta sha kununki! Ba a tuge tsohuwar kuka a dasa ta a wani gari. Takabarki ta ƙare shekara biyu da suka wuce. Ke ba yarinya ba ce, a addini da al'ada maganar aurenki a bakinki take. Ɗa yana da haƙƙin ya ciyar da uwarsa, amma ba shi da haƙƙin ya amsa tambayar da ita aka yi wa.

Saboda haka ranar Alhamis bayan la'asar zan zo da ƙafata. Sau uku nake hutawa kafin in kai ƙofarku, a gindin bedi, a bakin rijiya, a dakalin masallaci, kuma duk wanda ya tambaye ni ina za ni, zan gaya mishi da ƙarfi. Zan zauna a zaure gaban Harisu, in tambaye ki ki ji da kunnenki. In kin ce a'a, zan tashi in yi miki addu'ar sauka lafiya, ba za ki ƙara jin wannan zance ba. Amma sai daga bakinki. In ba a bari kin fito ba, a nan motar Juma'a za ta tarar da ni, sai dai ta ratse ta gefena.

Naki tun ina yaro, naki da furfura, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Sha'ibu