Kafin Ka Kai Yara Tsohon Bariki

Tabotaki, 9 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Alƙasim,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali a Abijan. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi jinkiri, shukar farko ta ƙone, ƙafar maigidana Illa kuma har yanzu ba ta saki ba.

Na ji saƙonka cewa in kun zo hutu za ka biya birni da Fiddausiya da Abubakar, su ga tsohon barikin dutsen nan da aka mai da gidan tarihi. Na shiga shi bara da muka kai Illa likita, don haka ka saurare ni. Ku je da sassafe, kafin dutsen ya ɗau zafi. Ku riƙe ruwa. Matakalar hawa soro ƙunci gare ta, kai da tumbinka sai a hankali. A sama akwai takubba da sirdi da tsoffin hotunan kasuwa, yara za su ji daɗi.

Ɗakin ƙasa ne ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin akwatin gilashi akwai munduwar tagulla mai nauyi, irin wadda ake ɗaura wa baiwa a ƙafa don kada ta gudu. Ta kakarmu Lalla ce. Marigayi Kawu Gado ne ya ba da ita, bai shawarci kowa ba. Hoton Lalla na gefe, da sunanta da na garinmu. Mai yi wa baƙi bayani ya ce wai ba a san ko ta bar zuriya ba, ni kuwa ina tsaye a gabansa. Ban ce uffan ba, har yau ina jin haushin kaina. Ni na riƙa shafa mata mai a tabon da munduwar ta bar mata har ta rasu.

Na san ka ce wa yaranka mu jikokin fatake ne. Ban zarge ka ba, na san abin da ka gudu. Amma yaran suna karatu, kuma Fiddausiya ta ɗauko fuskar Lalla sak. Ko ka faɗa musu da bakinka tun kuna mota, ko su karanta a bango a gaban baƙi, su juyo su dube ka. Kada kuma ka ja su ku wuce ƙofar, an wuce matar nan ya isa. In ba za ka iya ba, ka aiko in same ku a tasha. Ka jira a inuwa, ni zan shiga da su.

Ka gai da matarka Salima da yara. Illa da 'yarmu Hasana suna gaishe ku.

Yayarka,
Mariyatu