Ku Cire Sunana Daga Bayan Nasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Labarai, na gidan rediyon da babban yaron gidana yake wa aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka shi daɗe, ina gajiya, ina aiki, ina iyali, ina kuma fama da sanyin na'urar ofis, wanda na ji an ce shi ma yana wahalar da bayin Allah. Allah shi ba da haƙuri.

Ni mahauci ne, haifaffen Maradun, amma yanzu a Talata Mafara nake fawa tun da zaman gida ya gagara. Bokona ya tsaya a aji huɗu, ranar da ni da malamin lissafi muka gane cewa dole ɗayanmu ya bar makarantar, shi kuwa yana da albashi. Saboda haka in ka ga harafi ya karkace, kada ka kira taro a kai.

Ni ne uban wakilinku mai kawo rahoton 'yan bindiga daga Mafara da Bakura da Maradun. Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, mu kuwa a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi. Shekara talatin da biyu ina ce masa "wancan". In ina da magana, uwarsa nake ba, ita ma ta ba ƙanwarsa, don kunyar tata ta fi tawa. Saƙo a gidana sai ya bi ofis uku, kamar takardar gwamnati. Wannan maganar ta fi ƙarfin ofisoshin nan, shi ya sa na kawo ta gabanka a bainar jama'a.

Na ɗaya. Sunan da nake ɓoyewa tun yana zanin goyo, ku kuna shelar sa safe da rana da yamma. Kuma ba shi kaɗai ba: nasa, sannan nawa, sannan Maradun, a jere, yadda ake rubutawa a bayan buhu in ana so kaya su isa ba ɓata. Ba zan yi ƙarya ba, da farko na ji daɗi. Lokacin da ya fara aiki, yana karanta sanarwar ɗaurin aure da ɓatan awaki, ni na rataya rediyo a ƙusar rumfa. Ban taɓa ce wa kowa ɗana ne ba, kunya ta hana. Murya kawai nake ƙarawa har mai shayi na tsallaken titi ya aiko a rage. Ashe ba mu kaɗai ke da rediyo ba. Na daji ma suna da, kuma batir ɗinsu ba ya mutuwa.

Na biyu. Ban san wanda ya ƙara masa girma daga awaki zuwa gawarwaki ba, amma ina taya shi murnar hangen nesa. Tun daga nan yaron nan ya koma mai bin inda kowa ke baro. Mota ta fito daga Gidan Goga da mata da katifu, shi yana shiga da babur. Ya tsaya bakin kabari yana ƙirga, ya dawo ya buga wa hukuma waya ta ce ba ta da labari tukuna. Lokacin da aka yanke layukan waya a jihar nan, tafiyar rabin yini yake yi zuwa jihar maƙwabta don ya turo muku magana, ku kuma ku gutsure ta ta koma minti ɗaya, saboda tallan maganin basir na jira. Ni mahauci ne, na san yanka, amma ban taɓa jefar da tsoka in sayar da ƙashi ba.

Na ga kuma kun ba shi lambar yabo, wani gilashi mai nauyi da rubutun Turanci. Mun gode. Yana rumfata, da shi nake danne takardun naɗe nama kada iska ta kwashe. Rigar sulken da aka ce za a aiko kuwa, ina jin ita ma tana tsoron hanya.

Na uku. Mai gabatar da shirinku, wani mai murya kamar an shafa mata man shanu, yana da al'ada. Sai ya ce yanzu haka wakilinmu yana kan hanyar Bakura zuwa Maradun, za mu ji daga gare shi nan da ɗan lokaci. Ranka shi daɗe, wa yake gaya wa? Ni dai na riga na sani, don uwarsa ba ta ci abinci ba tun safe. Hanyar nan ɗaya ce, kuma kowa ya san inda take shiga duhuwa. Ko mai bin sawu da aka biya ba zai yi aiki mai tsabta haka ba. Saura ku faɗi lambar takalminsa.

Na huɗu. Wata Talata cikin damina, ina kara, kasuwar shanu, ina taya wani bijimi, sai tsohon abokin cinikina ya ja hannuna bayan wata babbar mota. Bafulatani ne daga wajen Damaga, mun fi shekara ashirin muna cutar juna a kan farashi cikin mutunci, kuma shi ma an kore masa garke, ba abin da ya rage masa sai sanda. Bai yi doguwar gaisuwa ba, abin da ya fara tsorata ni ke nan. Ya ce an tare wani ɗan'uwansa a daji an yi masa tambaya biyu: wane mahauci ne uban yaron nan na rediyo, kuma shin har yanzu jan babur yaron ke hawa. Ya ce shi bai gaya mini komai ba, ya sake hannuna ya tafi. Na koma na sayi bijimin a farashin da ko mahaukaci ba zai biya ba. Har yau dillalai na yi mini kirari a kai.

Me zan yi? In kira yaro in zaunar da shi in ce ina tsoro? Ubana bai taɓa yi wa yayana haka ba, kuma ban san da wane baki ake farawa ba. Sai na yi dabarar ɗan aji huɗu. Na aika ta ofisoshin nan uku cewa bayana na ciwo, babur ɗina baƙi yana jijjiga ni, a ba ni jan. Yaro mai biyayya ne, washegari ya aiko da makulli, har da man zafi. Wata uku ke nan ni ke hawan jan babur zuwa kasuwar Bakura da ta Maradun. Abokan fawa na ta tsiya, wai tsoho ya ga ja ya rikice, ƙila aure yake nema. Ina dariya da su. A duhuwar nan dai nakan cire hula, don duk mai leƙe daga cikin ciyawa ya ga furfura ya san ba wanda yake jira ba ne. Ko kuma ya ce uban ma ya isa. Wannan ban gama lissafinsa ba, na gaya maka yadda muka rabu da malamin lissafi.

Kada ka ɗauka ina roƙon a raba shi da aikinsa. Na taɓa tunanin haka. Amma akwai tsohuwar da ke zuwa rumfata, ba ta sayen ko hanji, zama kawai take ta ji rahotonsa, don a bakinsa ta fara jin an ambaci ƙauyensu a matsayin wurin da mutane ke zaune. In ya daina, ban san wa zai shiga ba. Na tabbata dai ba mai muryar man shanu ba ne.

Ga buƙatuna, ba su da tsada.

Ku daina faɗin inda yake sai bayan ya baro wurin. Labari ba nama ba ne, ba zai lalace cikin awa biyu ba.

Ku cire sunana da na garinmu daga bayan nasa. Yana da uwa da ƙanne mata uku a gidan da sunan ke nunawa. In dole sai an cika suna uku, ku ara masa naka, ranka shi daɗe, tunda gidanka akwai maigadi.

Ku aiko da rigar nan. In mota ba za ta zo ba, ku ce in zo in ɗauka, ina da babur mai gudu.

Na ƙarshe, ka kira shi ofishinka ka ba shi kujera. Ka gaya masa zancen abokina Bafulatani, ka ce ya sauya hanya da lokaci, ya daina kwana biyu a wuri ɗaya. Ka ce masa bayana lafiya lau, kada ya sake ɓata kuɗinsa a man zafi. Na san zai karanta takardar nan kafin ka kira shi, kuma na san zai zo neman makullinsa. To ka gaya masa tun yanzu ba zan bayar ba. In kuma ya shigo gida ya gaishe ni, zan amsa ina kallon bango kamar kullum, kada ya ce zai tsaya yi mini godiya. Ya wuce wurin uwarsa, ta ajiye masa tuwo.

Allah shi ja zamaninka, shi kare ka da iyalinka, shi sa kada ka taɓa sanin yadda ake sauraron labarai ana jiran jin numfashin mai karantawa. Allah shi kawo mana zaman lafiya, har yaron nan ya rasa abin faɗi ya koma kan awakinsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mahaucin da ba sai ya sa suna ba, tunda za ku faɗe shi da ƙarfe shida.
Talata Mafara.