Tafin Burho a Bakin Ƙofa

Zuwa ga maƙwabcina Usto Nasrullo,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida Muhabbat da jikoki. Yaya Buhara?

Ni lafiya nake a New York. Ɗana yana leƙo ni duk Lahadi. Ƙafafun ne kawai suka ƙi matakala, sai in wuni a taga.

Da na ji kuna yi wa gidan da na bar muku shafe da fenti, na ɗauka tafin hannun matata marigayiya Burho ya tafi, wanda ta tsoma a shunin babanta ta manna a bakin ƙofa ranar tarewarmu, saboda kambun baka. Ashe ka hana a taɓa, har ka zano mini shacinsa a takarda. Allah ya saka da alheri.

Ka ce mai fenti zai miƙar da ƙaramin yatsan da ya karkace a tafin. Nasrullo-jon, aminina, kada ya miƙar. Ƙofar nan ce ta datse shi muna gyaran gidan. Burho takan ce, "Rahmin, gidanka ya cije ni tun ban shiga ba."

Kullum da safe nakan ɗora hannuna a kan takardar. Nawa ya rame, yanzu sun zo daidai.

Naka,
Rahmin