Dubiyar Barakatu

Wudil, 3 ga Mayu.

Yaya Hansai,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mutanen Lajawa. Na ji kina yawo da ni a dangi, wai na mayar da ke daga ƙofar gida da ƙwaryar furarki. Haka aka yi, kuma ban yi nadama ba. Tunda ba kya ɗaga wayata, ga shi a rubuce.

Ƙodar da ke jikin Barakatu daga cikina aka ciro ta. Likita ya ce maganin da take sha don kada jikinta ya ƙi ƙodar ya kashe mata garkuwar jiki, mura ma tana iya kai ta kabari. Wata uku babu dubiya. 'Yata ce. Da hannuna na tashi daga jan akuya a kasuwar kara har na kai inda nake, ban koyi riƙon gida a wurin kowa ba.

Ki gaida yara.
Isyaku.

*

Lajawa, 9 ga Mayu.

Isyaku,

Ina amsa gaisuwarka. Allah Ya ba 'yata lafiya.

Na haƙura, har sai da na ji labarin ranar Juma'a. An ce da kasuwa ta tashi ka kwaso manyan dillalan shanu har ɗakinta, ka ɗaga riga kana nuna musu ɗinkin. Babbansu, Alhaji Ɗantani, yana tari ya dafa kanta ya yi mata tofi. Ashe cuta ta san mai mota, Isyaku? Mu na ƙauye kawai take bi?

Allah Ya tsare.
Yayarka, Hansai.

*

Kano, 13 ga Mayu.

Yaya,

Ina gaisuwa. Mai kai miki gulma bai gaya miki ko minti biyar ba su yi ba? Mutum kamar Alhaji Ɗantani, ta yaya zan ce masa ya tsaya a zaure?

Muna asibiti. Zazzaɓi ya kama ta, sun ce ƙwayar cutar mura ce ta sauka huhunta, an sa mata na'urar numfashi. Likita ya tambaye ni ko wani ya shiga wurinta. Na ce babu. Jiya kafin a sa na'urar ta ce, "Baba, me ya hana Gwaggo zuwa?" Na ce damina ce ta tsare ki.

Ki sa a yi mata addu'a.
Isyaku.

*

Wudil, 17 ga Mayu.

Yaya,

Mun kai ta ɗazu bayan la'asar. Alhaji Ɗantani yana sahun gaba, tarinsa ya warke.

Ƙofa a buɗe take. Ki zo da furar, yanzu babu wanda za ki shafa wa komai.

Ƙaninki,
Isyaku.