Lasin Bindigar Baba

Laraba da dare, Kurmin Kogi, hutun kaka

Yau Baba ya dawo daga Ikara da takardar neman lasin bindigarsa ta toka. Da Turanci take, sai aka kira ni zaure in cike, ni da ban taɓa zama cikin manya ba.

Da na zo inda ake tambayar dalilin riƙe bindiga, Baba ya ce, "Rubuta birai, suna cinye mini masara."

Baffa Sale ya yi dariya. "Yaya, biran da suka kwance maka shanun huɗa bara? Ka miƙa ta ga hukuma ka huta. Ɓarawo in ya ji kana da bindiga, da tasa zai zo."

"Kafin ɗan doka ya iso a kan keke ai an gama da mu," in ji Baba. "Hajara, rubuta."

Na rubuta birai. Alhali na san tun bara bai kai bindigar gona ba, bayan ƙofarsa take kwana, ɗure da albarushi da guntayen ƙarfe. Ban ga laifinsa ba, don na tuna kukan Inna ran da aka sace shanun. Amma a makaranta ba a koya mana yadda za mu yi ba idan mahaifi ne ya ce a rubuta ƙarya.

Shi yatsa kawai ya dangwala. Idan wata rana bindigar ta tashi a kan mutum, rubutun hannuna za a ɗauko.