Kalmar da Ka Turo Ranar Talata

Assalamu alaikum, Baban Ni'ima, inuwar gidana, ruwan randata a tsakiyar bazara, farin watan idona.

Ka yi haƙuri da na dame ka, na san aiki ya sha maka kai a garin Lafiya. Da zuciya za ta yarda ta yi shiru, wallahi da ban ɗauki biro ba.

Ranar Talata, da na ce ba zan iya barin Innata a kwance ba lafiya in biyo ka ba, sai ka turo saƙo da Turanci, kai da a shekara ashirin da biyu na aurenmu ba ka taɓa yi mini Turanci ba. Ni kuwa allo na sani. Kunya ta hana ni nuna wa 'yarmu. Na kwafi kalma ɗaya da ka maimaita, terminate, na kai wa Maman Tobenna, malamar makarantar nan maƙwabciyarmu a Gwallaga. Na ce a jikin kwalin magani na gan ta, Allah Ya yafe mini ƙaryar. Ta ce ma'anarta kawo ƙarshen abu. Ta buɗe ƙaton littafi, ta ce asalinta daga harshen Rumawan dā ne, sunan dutsen da ake kafawa a iyakar gona.

Iyaka, Malam? Tsakanina da kai? Ka tuna daminar da muka shata iyakar gonarmu a Tirwun, kana haƙa ina miƙo maka dashen bini-da-zugu na shinge, ruwa ya tsuge, muka fake gindin ɗorawa, ka lulluɓe ni da rigarka kai kana rawar ɗari? Ran nan ai gefe ɗaya muka tsaya! Yau wane gefe ka ajiye ni?

Na aika an tambayi liman, ban kama suna ba. Ya ce lafazin da ba saki ƙarara ba, hukuncinsa yana ga niyyar mai shi. To ni ina zan ga niyyarka, sanyin raina? Kwana shida ke nan ban san matsayina ba, matar aure ce ni ko mai idda. In fara ƙirga? In bari? Ina tsoron Allah a kan duka biyun.

In fushi ne, na tuba, ka sauko. In kuwa saki ne, zan karɓi hukunci, sai dai zuciyar nan ba ta san idda ba, taka ce har a rufe ni da ƙasa.

Don Allah ka amsa mini da wuri, da Hausa.

Taka,
Hansatu