Filtar da Ka Ɗaure

Auta,

Ban tashe ka ba, don in na buɗe baki yanzu ba za mu rabu lafiya ba.

Na zo tura babur na tarar da baƙin mai ya malale a tsakar gida. Filtar man da ka sa jiya ce. Sau nawa zan gaya maka da hannu ake ɗaure ta? Kai ka sa mata sifana ka danne har robar ta tsage. Na kama da tsumma, ta ƙi motsi. Na huda ta da sukudireba na murɗa, gwangwanin ya yage, gindin yana nan daram. Yatsana ma ya samu rabonsa.

Ka san yau Baba zai ga likita. Yanzu da ƙafar nan tasa zan ja shi har bakin titi neman mota.

Kada ka taɓa babur ɗin, ko da gogewa ce. Ka zuba ƙasa a kan man kafin Umma ta zame.

Ashe kana da ƙarfi haka, amma kullum ni kaɗai nake ɗaga Baba daga gado.

Yayanka